Ɗari Takwas da Hamsin Cikin Ɗari

Har na bar aiki ba zan manta da ranar rabon kyaututtuka a wata makarantar kuɗi ta Dutsin-Ma ba, mai reshe a Kurfi. Ni na rubuta musu manhajar jarrabawa.

Ga tsarin, don waɗanda ba 'yan sana'a ba. Makin kowane ɗalibi a kulle yake, ba a taɓa shi kai tsaye. Ƙofa biyu na bari: geta, mai nuna maki kawai, da seta, wadda ta cikinta ake shigar da shi. Seta ba ta karɓar abin da ya haura ɗari, kuma tana ajiye sunan wanda ya shigar.

Ana saura kwana uku biki, Darakta, wato mai makarantar, ya kira ni.

"Injiniya, setar nan taka ta cika tambaya kamar ɗan sanda. Cire ta."

"Ranka ya daɗe, ita ce mai gadin."

"Makarantar tawa ce ko tata?"

Na cire. Ina da iyali, ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba.

Ashe ɗiyar wani Alhaji dillalin hatsi yake son ɗorawa kan Hauwa'u, 'yar garin Karofi, wadda ta ci lissafi da tamanin da huɗu. Darakta ya zauna da kansa, da yatsa ɗaya, zai rubuta tamanin da biyar, ya haɗa da sifili.

Ran biki aka haska sakamako a bango gaban iyaye. Mai sanarwa, wani malamin reshen Kurfi, ya karanta da ƙarfinsa: "Ta ɗaya a lissafi, maki ɗari takwas da hamsin cikin ɗari!"

Can baya baban Hauwa'u, ɗan kabu-kabu, ya miƙe.

"Malam, da wane mudu aka auna?"

Dariya ta ɓarke. Alhaji ya naɗe babbar riga ya fice. Darakta ya nuna ni ya ce kwamfuta ce ta yi kuskure. Iyaye suka ce a fito da takardun amsa, aka fito da su, Hauwa'u ta karɓi kyautarta.

Washegari Darakta ya sa na mayar da seta, sannan ya rage murya: "Ba za a bar mini 'yar ƙofa ta baya ba?"

To, ku masu tasowa, ku riƙe wannan. Ba don ɓarawon waje kaɗai muke kulle bayanai ba. Wanda zai fara roƙonku ku buɗe, galibi shi ya ba ku aikin.