Babura Uku a Tungar Ɗan Rini

Na daɗe ina aikin rigakafi a karkara, na manta ranaku da yawa, amma ranar da muka shiga Tungar Ɗan Rini ta ƙi barin raina. Ku sababbin ɗauka kuna yi mini dariya idan kun ga na kashe babur tun daga bakin gonaki, ina turawa kamar wanda mai ya ƙare wa. To, yau ku ji dalili.

A lokacin ni ne mai kula da akwatin sanyi na tawagarmu. Ga wanda bai san aikin ba, ruwan allurar ƙyanda ba ya jure zafi. A akwati ake ɗaukarsa, a kewaye shi da robobin ƙanƙara, kuma kowace kwalba tana da ɗan tambari a jikinta. Idan tsakiyar tambarin ya yi duhu, sai dai a zubar. Shi ya sa ba ni da aiki sai duba lokaci da shafa akwati, har abokan aiki suka laƙaba mini Mai Agogo.

Cikin bazara ne rahoto ya iso ofis cewa ƙyanda ta ɓulla a wasu tungaye cikin duwatsu, gabas da Zurmi, inda mota ba ta shiga. Aka tashi mu uku, kowa da babur ɗinsa: Malam Isiyaku, shugaban tawaga, dattijo mai sanyin magana, Lawali, wanda ya san hanya kuma shi ne makanikenmu, sai ni. Muka ɗauki allura a Ƙaura, muka ɗaure tabarmi, gidan sauro, galan na mai, jarkar ruwa, risho, garin kwaki da ƙuliƙuli, muka kama hanya.

Ranar farko mun yi tunga biyu lafiya lau, muka kwana gindin wata tsamiya a bakin busasshen rafi, gidan sauro ɗaure tsakanin babura. Rana ta biyu hanya ta zama tsakuwa da hawa. A wani gangare salansar Lawali ta daki dutse ta tsage, babur ɗin ya koma yana ƙara kamar ana harbi. Muka yi ta yi masa tsiya, shi kuma yana cewa ai yanzu ne ya zama babur.

Da safiyar rana ta uku saura Tungar Ɗan Rini, mafi nisa, kuma can aka ce yara sun fi kwanciya. Ƙa'idar aiki ita ce ba a faɗa wa gari haka kawai. Ana aika wa mai unguwa tun jiya, in kuwa babu waya, sai a biya ƙauyen da ke kusa a ɗauki wanda suka sani ya shige gaba. Na buɗe akwati na tarar robobin duk sun zama ruwa, biyu kaɗai ke da sauran tauri.

Malam Isiyaku ya ce, "Mu biya ta yamma mu ɗauki wanda sunka sani, shi shige muna gaba."

Na ce, "Malam, wanga zagaye awa uku na. Kahin mu isa allura ta mutu. Ceton ɗiyan mutane munka zo yi ko gaisuwa?"

Ya dube ni ya ce, "To, Mai Agogo." Muka yanke ta cikin kwazazzabo, mu uku a jere, Lawali a gaba da ƙararsa.

Mun shiga garin rana na tsaka. Da muka kashe injina, shirun da ya biyo baya sai da ya sa kunnena ƙara. Ba yaro ko ɗaya da ya rugo kallon babur, kuma duk wanda ya yi aikin ƙauye ya san wannan ba daidai ba ne.

Malam Isiyaku ya tsaya ƙofar gidan farko ya yi sallama sau uku. Ba amsa. Ta kan danga muna hango tukunya a murhu, wuta na ci, tuwo ya fara ƙauri. Ga turmi da taɓarya tsaye a ciki, kaji sun hau suna tsattsagar gero. A bakin rijiya igiyar guga tana lilo, ruwan da ya zube bai ma bushe ba. Takalmin yaro ƙafa ɗaya a tsakiyar hanya. Can cikin wani ɗaki rediyo na ta magana shi kaɗai.

Na duba ƙasa ko zan ga jini, ban gani ba. Awaki na ɗaure, rumbuna a rufe. Amma ina jin ana kallona, kuma duk sanda na ɗaga kai wajen dutsen da ke bayan garin, ba na ganin komai sai baƙaƙen ramuka.

Lawali ya matso ya ce, "Malam, mu juya. Ko mutanen daji na kusa, ko garin ga ba na mutane ba na."

A rumfar masallaci muka ga mutum ɗaya. Tsoho ne makaho, zaune a kan buzu yana fuskantar gabas, carbi a hannu. Da ya ji takunmu bai juyo ba. Ya ce, "Kun iso? Na yi alwalata. Ku gama da ni. Hatsi na rumbu, ku ɗiba, amma don Allah kar ku sa wuta."

Sai a lokacin na gane. Ba wanda ya riga mu zuwa. Mu suka ji.

Malam Isiyaku ya durƙusa ya ce, "Baba, malaman asibiti na. Allurar ƙyanda munka kawo." Tsohon ya ci gaba da jan carbinsa. Na buɗe akwati, na ɗauko robar ƙanƙara na ɗora masa a tafin hannu. Ya zabura, ya shafa ta, ya kai kumatunsa. Sannan ya ce, "Waɗancan ba su yawo da sanyi." Hawaye ya zubo masa.

Akwai wani tsohon ƙarfe rataye a rumfar. Ashe mutanen garin dutse suka hau suka ɓuya, kuma sun yi alkawari da shi: shi ba ya iya hawan dutse, ya kuma hana a goya shi, don haka in gari ya yi lafiya sai ya buga. Ya lalubi sanda ya buga sau bakwai. Ba wanda ya sauko. Ya ce, "Suna tsoron ko tilasta ni anka yi."

Muka cire rigunan sama, muka zauna a fili inda za a gan mu, muka jera kwalabe a inuwa. Na sauke tukunyar mutane daga wuta. Ina duba tambari ina duba dutse, har bayan azahar. Sai ga wata tsohuwa ta fito daga cikin duwatsun tana tafe tana tsayawa. Bayanta mata, bayansu yara, ƙafafu duk ƙaya.

Allurar ba ta lalace ba. Wannan ya faranta mini rai, ba zan ɓoye muku ba, har na ce a zuciyata ai gara da na matsa. Muna cikin aiki wani magidanci ya iso ƙarshen layi, riƙe da hannun ɗan yaro, ga yarinya a kafaɗarsa lulluɓe da zane. Na zuƙi allura ban ko ɗaga kai ba, na ce, "Tashe ta, kawo hannunta."

Ya ce, "Wagga ta riga ta tahi, malam. Kwana huɗu tana zazzaɓi, yau ta hwara shan kunu. Da munka ji babura sai na sungume ta. Bisa dutse babu inuwa, babu ruwa."

Ina tsaye da sirinji a hannuna. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Bai zage ni ba. Ya naɗe hannun rigar yaron ya tura shi gabana, ya ce, "Yi ma wanga." Malam Isiyaku ne ya karɓi sirinjin ya yi wa yaron. Mun tsaya an yi mata sallah da la'asar, kuma har muka dawo gida bai taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba.

A makaranta an koya mana yadda ake kiyaye allura daga zafi, kuma na iya wannan sosai. Ba a koya mana cewa a ƙasarmu yanzu mutane suna jin ƙarar babur kafin su ga fuskar mai shi ba. Don haka ku aika kafin ku je. In ba ku samu ɗan aike ba, ku kashe inji tun daga nesa, ku tura, ku shiga da sallama. In ƙanƙara ta narke, ku komo, zan ba ku wata allurar da hannuna. Ni na isar da tawa da sanyinta, kuma sunan yarinyar Hadiza.