Ranar da Tela Ta Buɗe Baki

A layin da shagonta yake, Tela kawai ake ce mata, har mijinta in ya so tsokana. Tana 'yar shekara goma sha biyu goggonta ta zaunar da ita gaban keken ɗinki, ta koya mata riƙe fil tsakanin leɓɓa in tana kama kalmasar riga. Mai fil uku a baki kuwa ba ya surutu, ba ya dariya, ko allura ta soke shi sai dai ya runtse ido. Goggo ta rasu, shago ya zama nata, amma bakin nan bai saki ba. Mai kaya za ta zo ta zazzage mata kwandon masifa a kan hannun riga, Tela ta ce "uhm", ta warware ta sake ɗinkawa. Mutane suna yabonta da haƙuri. Gaskiyar magana, rabi haƙuri ne, rabi sabo.

Shekara biyar tana ɗinka wa jariran mutane riguna kafin Allah ya ba ta nata cikin. Murna kamar ta kashe ta, amma ko wannan ba ta faɗa ba. Sai dai ta ɗinka 'yan riguna bakwai, ta ɓoye su ƙarƙashin yadudduka.

Da hantsi naƙuda ta taso. Sai da ta ƙarasa ɗinkin da ke kan keke, ta yanke zare, sannan ta leƙa shagon mijinta, mai gyaran fanka, ta ce, "Ina jin mu je asibiti." Bawan Allah ya ruɗe, har suka isa da sukudireba a hannunsa. A ƙofar sashen haihuwa aka tsayar da shi, don maza ba sa wuce nan. Yayarta da za ta zauna da ita kuma tana can hanya, cunkoson motoci ya riƙe ta.

Ungozoma, wata gajeriyar mata mai tabarau, ta duba ta. "Haihuwar fari ce, da saura," in ji ta. "Ki yi ta zagayawa a baranda. In ciwo ya tsananta, ko kika ga wani abu, ki yi magana."

Ki yi magana! Wai Tela ake gaya wa.

Ɗakin masu naƙuda cike yake. Wata tana kiran uwarta, wata tana rantsuwa da mijinta cewa daga wannan ta gama. Tela ta saurare su, ta gwada ciwonta da nasu yadda take gwada yadi da yadi. Nata dai har yanzu tana iya rufe baki a kansa, ke nan bai kai ba. Ta ci gaba da kai da komo tana dafa bango, awa ɗaya, awa biyu, awa uku. Duk ma'aikaciyar da ta wuce sai ta dubi fuskarta, ta ga babu komai, ta yi gaba.

Wajen azahar faya ta fashe tana tsaye. Ta duba ƙasa ta ga ruwan ba fari ba ne, kore-kore ne. Ba ta san ma'anar hakan ba. Abin da ta sani shi ne yanzun nan aka goge barandar, har tana ƙanshin magani, ga shi ta ɓata wa mutane aiki. Jakar tela ba ta rasa ƙyalle. Ta zaro ɗaya ta yar, ta take shi da ƙafa tana gogewa a hankali, kada kowa ya gani.

"Ɗaga ƙafa, 'yata."

Mai goge-goge ce, wata dattijuwa siririya da bokiti da sandar goge ƙasa. Abin da take ce wa kowa ke nan, daga majinyaci har babban likita. Tela ba ta ɗaga ba. Dattijuwar ba ta ko dubi fuskarta ba, ƙafafun ta zuba wa ido, inda yatsu suka naɗe suka ƙanƙame silifa.

"Na ce ɗaga."

Ta ɗaga. Dattijuwar ta juya ƙyallen da bakin sanda.

"Tun yaushe?"

"Yanzu ne, Inna. Ki yi haƙuri, na ɓata miki aiki."

"Aikin me? Ke, shekara ashirin da biyu ina kallon ƙasar wurin nan. Su fuska suke dubawa, ni ƙafa nake gani. Mai ihu ba ta ba ni tsoro. Irinku masu naɗe yatsu ne ke tsinka min zuciya." Ta saki sandar ta faɗi, ta ɗaga murya yadda duk sashen zai ji. "Sista! Sista, zo ki ga ruwan nan!"

Ungozoma ta fito da niyyar faɗa, tana ganin ƙyallen ta fasa. Aka kwantar da Tela, aka ɗora na'ura a cikinta ana sauraron bugun zuciyar jariri. "Ya yi kashi a ciki, alamar ya galabaita ke nan," in ji ungozoma. Ta sake dubawa. "Ikon Allah, ga kai nan ya sauko! Ke wace irin mace ce? Yi nishi!"

Tela ta yi nishi, haƙora a datse. Ba a yi minti ashirin ba aka ciro 'ya mace.

Jaririyar ba ta yi kuka ba.

Aka yanke cibiya da sauri, aka kai ta kan wani ɗan tebur ƙarƙashin fitila. Ungozoma tana zuƙe mata hanci da baki da 'yar roba, nas tana murza mata baya da tawul. Tela tana hango tafin ƙafa ɗaya, ƙarami, ba ya motsi. Tana jin fankar sama tana juyawa. Duk tsawon rayuwarta da shiru take zaune, amma sai ranar ta san yana da muni haka. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Ki yi kuka!" Muryar Tela ta cika ɗakin. "Don Allah ki yi kuka, 'yar nan! Kada ki yi irin halina!"

Mijinta da ke bakin ƙofa ya ji ihun, ya tausaya wa matar mutane, don bai gane muryar ba. Ungozoma ba ta ɗago ba, ta ci gaba da aikinta. Can sai ga ɗan tari, sai wani siririn sauti, sannan kuka sosai, na mai jin haushin duniya. Tela ta fashe da nata, su biyu suka yi ta yi.

Da ƙura ta lafa, ungozoma ta zauna gefen gadon tana goge tabarau. "Da kin ƙara rabin awa a barandar nan, da yanzu wani zancen ake yi. Ni ma da laifina, na ga kin yi shiru na ɗauka da saura."

Kwana uku aka riƙe su ana lura da numfashin yarinyar. Kowace safiya dattijuwar takan shigo da bokitinta. Tela ta yi mata godiya har da hawaye, ta ce ba ta san da bakin da za ta gode ba.

"Da wanda kika yi ihun nan mana," in ji dattijuwar. "Allah ya raya. Ɗaga ƙafa."

Tela ta ɗaga, tana ƙare mata kallo daga kafaɗa zuwa idon sawu. Bayan wata biyu ta kawo mata doguwar riga mai aljihu biyu manya, ba tare da ta taɓa ɗora mata tef ɗin awo ba. Rigar ta zauna daidai. Dattijuwar ta yi ta mita wai yadin ya fi ƙarfinta, amma ba ta cire ba.

Yanzu yarinyar tana rarrafe a shago tsakanin ƙyallaye, kuma Allah ya hore mata maƙogwaro. In ta tsanyara kuka har shagon babanta ake ji. Kwanan baya wata mai kaya ta toshe kunne, ta ce, "Haba Tela, ki rarrashe ta ta yi shiru mana."

Tela ta zare fil uku daga bakinta, ɗaya bayan ɗaya, ta soke su a jikin yadi. Ta ɗauki 'yarta ta rungume, ba ta ce mata yi shiru ba.

"Ƙyale ta, Hajiya," in ji ta. "Ni na roƙe ta."