Alfadarar Hekuran Ta Kawo Amarya

A ƙauyenmu na Gurishta babu wanda bai taɓa tura motar Hekuran ba. Limami ya tura, malamar makaranta ta tura, har ɗan sandan da ya taɓa tare shi don ya ci shi tara sai da ya cire hula ya sa kafaɗa. Mota ce mai kujera bakwai wadda wani Bajamushe ya mora har ya gaji, aka auno ta a jirgin ruwa zuwa tashar Durrës, Hekuran kuwa ya je ya zube mata duk abin da ya tara a shekarun da ya yi yana tsinkar zaitun a Girka. Ranar da ya shigo da ita gari har guɗa mata suka yi. Ba a jima ba aka raɗa mata suna Alfadara, don tana ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta, in kuma ta toge, to ta toge.

Da ita ya ci, da ita ya sha, da ita ya yi wa ɗansa Ermal karatu. Kowace safiya yakan kwashi mata da cukunsu da ƙwansu zuwa kasuwar Elbasan, ya dawo da buhunan fulawa da tsofaffin da suka je karɓar fansho. Mai naƙuda ita ce motar asibitinta, wanda ya rasu a birni ita ke kawo shi gida. Shi Hekuran gajere ne mai faɗin ƙirji, gashin bakinsa duk furfura, ba ya faɗa da kowa sai wanda ya buga masa ƙofar mota da ƙarfi.

Ita kuwa Alfadara ciwonta ba ya ƙarewa. Salansa da wayar shanya aka ɗaure ta. Kuloci ya ƙone sau biyu, kowanne ya ci kuɗin ɗan maraƙi. In an sake boris sai shokozoba ta fara kuka, in an sa shokozoba sai baƙin mai ya fara ɗiga a tsakar gida, matarsa Sanije ta bi da toka tana mita. Duk wannan a garejin makanike Usta Petrit yake ƙarewa, abokin Hekuran tun suna yara, wani dogo mai bakin tsiya.

"Kai mutumin nan," in ji Sanije, "ka ga benen da Petrit ya ɗora a kan gidansa? Mu fa muka gina masa shi. Ya kamata a ba mu ɗaki ɗaya a ciki."

"Ke matar nan, kin taɓa kwana da yunwa a gidan nan?"

"Ban taɓa ba. Amma duk abin da ka samo, ita ke fara ci kafin ni."

A haka har Ermal ya dawo daga Italiya, inda yake aikin shimfiɗa tayil, ya ce a watan Agusta zai auri Mirjeta, wata malamar jinya 'yar Murrizë, ƙauyen da ke bayan dutse. Hanya biyu ce tsakaninmu da su: ta bakin kogi mai kwalta, da tsohuwar hanyar kan dutse da aka bar wa makiyaya da masu itace. A wajenmu kuwa motar amarya ba ta komowa ta hanyar da ta je, ba ta juyawa baya, amarya kuma ba ta taka ƙasa sai a ƙofar mijinta. 'Yan zamani sun samo dabara, sai su zagaya ta bayan gidan mai su ce ai sun sake hanya. To amma Hajrie, mahaifiyar Hekuran, tana nan da ranta, bakinta kuma bai tsufa ba.

"A kan doki aka hauro da ni ta dutsen nan," ta ce, tana buga sanda a ƙasa. "Matar jikana ba za ta shigo mini gida ta bayan gidan mai ba."

Ermal ya so ya yi hayar farar mota mai sheƙi daga birni. Mai motar da ya ji hanyar da za a bi, dariya ya yi ya kashe waya. Ana shan kofi a gidan surukai aka ta da zancen, sai Hekuran ya ajiye kofinsa ya dafa ƙirji a gaban uban yarinya ya ce shi zai hauro da ita, a motarsa. Da labari ya iso gida, Sanije ta ɗora hannu a ka.

"Ɗa ɗaya gare ni, biki ɗaya zan yi a duniya. Wallahi in akwalar nan ta kunyata ni, washegari masu sayen ƙarfe za su zo da mota su ɗauke ta. Ka yarda?"

Hekuran ya ji maganar har cikin ransa, don ya san in babu Alfadara shi ba kowa ba ne, tsoho ne kawai a bencin shagon kofi. Amma ya ce ya yarda.

Da aka kai motar gareji, Usta Petrit ya shiga ƙarƙashinta, ya fito, ya leƙa inji, ya yi tsaki mai tsawo.

"Lagireto ya toshe, ruwa da ƙyar yake zagayawa. Birki kuma ya cinye, ƙarfe ke cin ƙarfe. Lagireto lek dubu ashirin, birki gaba da baya dubu sha biyar, ban sa aikina ba, don na san kai matsiyaci ne."

"Raguna da makaɗa sun gama da ni. Ɗaya zan iya."

"Ka tambayi ɗanka mana, ko ba shi ne mai yuro ba?"

"In ya ji tana da ciwo zai hana ni ɗauko masa mata. Ka sa birki. In ta ƙi hawa, ni na ji kunya. In ta ƙi tsayawa a gangara, 'yar mutane ce a ciki."

Petrit ya dube shi sama da ƙasa. "Ashe akwai hankali a bayan gashin bakin nan. To da ni za a je, ba don ina ƙaunarka ba, so nake in ga idonka in ta mace."

Ranar Lahadi aka wanke Alfadara da sabulun wanki, aka ɗaura mata jan kyalle da furanni. Zuwa ta bakin kogi lafiya lau. A Murrizë aka sha kofi, aka yi koke-koke, ɗan'uwan amarya ya sa ta a kujerar tsakiya, gwaggonta mai rakiya ta zauna a gefenta, mace mai jiki da jakar hannu cike da alewa. Mai busa da mai ganga suka shige baya, Petrit ya zauna gaba cikin kwat ɗin da ya yi aure da ita, filaya na leƙe daga aljihu. Sauran motocin suka koma ta kwalta abinsu, Alfadara ita kaɗai ta karya ta nufi dutse, rana tsaka.

Ba su yi rabin hawan ba allurar zafi ta fara rarrafe zuwa ja. Hekuran ya sa giya ɗaya, ya ce mazan su sauka a rage mata nauyi. Suka sauka, suna tafe a ƙasa, motar ma ba ta fi su sauri ba. Petrit ya wuce gaba yana tafiya da baya, yana tsiyaya ruwan gora ta ragar gaban mota, tururi na tashi. Duk da haka allura ta taɓa ja.

"Hekuran, ka ji tsoron Allah," ya ce ta taga. "In gasket ya ƙone, inji ya tafi, kuɗinsa ya fi kuɗin motar. Ga fili can gaba, ka juya, gangara za ta huce. Wa zai gaya wa tsohuwa?"

"Ni zan gaya mata, da ta kalle ni."

Sai ya miƙa hannu ya kunna hita, abin ɗumama mota na lokacin ƙanƙara, don ta riƙa jan zafin inji tana zubo musu a ciki. A watan Agusta! Tagogin baya kuwa haka aka ƙera su, ɗan tsagi kawai suke buɗewa. Nan da nan cikin motar ya zama gidan burodi.

"Wayyo ni!" in ji gwaggo, tana fifita da jaka. "Bawan Allah, amarya aka ba ka ko tunkiyar gashi? Kwalliyar nan tun safe ake yin ta! Juya, na ce ka juya!"

Allura ta ɗan ja baya kaɗan, ta tsaya. Gumi na shiga idon Hekuran, sitiyari na ƙona masa hannu. Ya duba madubi, ya hango Mirjeta ta cikin mayafi: kanta a sunkuye kamar yadda ake so amarya ta yi, kwalli ya zubo mata har haɓa, gashin da aka naɗa ya kwanta sharkaf. Tausayinta ya kama shi ƙwarai. Yarinya ta baro gidan ubanta tana kuka, ga shi yana gasa ta don kawai kada a sayar masa da mota. Daidai filin da Petrit ya nuna, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya kai hannu zai kashe hitar.

"Baba, kada ka kashe."

Ya ɗauka kunnensa ne. Amarya ba ta buɗe baki a hanya, ko uwarta ta gani.

"Fankar hitar tana da sauran lamba?" ta ce. "To ƙure ta. A asibiti na ga zafin da ya fi wannan."

"Ke! Amarya ba ta magana!" in ji gwaggo.

"Gwaggo, ai juyawa ma ba ta yi."

Hekuran ya ƙure fanka, ya danna totur, ya wuce filin bai ko kalle shi ba. Mai busa da ya ga haka ya ɗaga abin busarsa ya saki wani sauti, mai ganga ya kama, suna haki suna kiɗa a bayan mota. Ruwan gora ya ƙare, Petrit ya jefar da kwat a kan bonet yana zagin duk wanda ya ƙera lagireto. Kiɗan nan ne ya sauko da makiyayan da ke kan tudu. Da suka ga jan kyalle ba su tambayi komai ba, suka ruga kwamin shayar da tumaki da bokitan tatsarsu, wannan ya watsa wa gaban mota ruwa ya koma, wancan ya watsa ya koma, karnukansu na haushi. A haka Alfadara ta haura, tana tari, tana karkarwa, har ƙafafunta na gaba suka taka kan dutsen. Hekuran ya bugi sitiyari ya yi wata ƙara da shi kansa bai san yana da ita ba.

Suka tsaya a inuwa ta huce, amarya na zaune a wurinta, gwaggo na raba wa makiyaya alewar da ta narke. Gangara kuwa sabon birki ya riƙe ta lumui har cikin gari.

A gida hankali ya riga ya tashi. 'Yan kwalta sun daɗe da isowa, nama ya huce, Ermal ya fita bakin titi ya dawo ya fi a ƙirga. Sai ga ta ta karyo kwana, furanninta sun yi yaushi, laka har rufi, tana hayaƙi kamar murhun ɗanyen itace. Tana kawo hancinta ƙofar gida inji ya yi tari ɗaya ya mutu. Aka buɗe, Mirjeta ta sauko, rigarta ta manne da jiki, fuska duk zanen kwalli. Hajrie ce ta fara magana.

"Ta ina kuka biyo?"

"Ta dutse, Iya," in ji Hekuran.

"To madalla. Ku shigo mini da ita."

Sanije na tsaye a bakin ƙofa da kwanon zuma. Ta dubi amaryar ɗanta, ta dubi motar, ta dubi mijinta. Ta miƙa kwano, Mirjeta ta tsoma yatsa ta shafa a goshin ƙofa, aka shige da ita ana guɗa. Hekuran bai bi su ba. Ya zauna a kan matakin mota. Ya kawo amarya kam, amma ya kawo ta a narke, an makara, motar kuma ta mutu a gaban jama'a. Ya san matarsa, kuma ya san me take kira kunya.

Can aka fito rawa a tsakar gida. Amarya ta wanke fuska, gwaggo kuwa ta tara mata tana ba su labari da hannu da ƙafa, har da abin da yarinyar ta ce. Sanije na saurare. Da kiɗa ya yi zafi ta zaro takardar kuɗi ta lek dubu daga ƙirjinta, mai busa ya miƙo goshi yana jiran liƙi. Ta wuce shi. Ta ratsa mutane ta fito waje, ta tofa wa takardar yawu, ta manna ta a gilashin gaban Alfadara.

"Ka saya mata lagireton," ta ce. "Sabo, ba na gwanjo ba. Kuma ka tashi ka sake riga, uban ango ne kai."

Uban amarya ya biyo ya liƙa tasa, Ermal ya liƙa yuro, limami ya liƙa, makaɗan ma suka ɓanɓare na goshinsu suka ƙara. Kafin a gama waƙar ba a ganin cikin motar ta gaba. Usta Petrit ya zo daga ƙarshe, ya laluba aljihu, ya fasa.

"Ni ba zan liƙa ba," ya ce. "Ai duk wajena za su dawo."

Hekuran ya tashi daga matakin mota. Ya ɗaga bonet ya tura kansa ciki kamar mai duba wani abu, ya daɗe a haka, kafaɗunsa na rawa, kowa kuma ya ƙyale shi.