Jan da ya rufe mata fuska

Ni baduku ne. A kasuwar Kurmi nake da rumfa, a Yakasai nake da gida, kuma tsakanin waɗannan wurare biyu na ƙare rayuwata. Jar fata ita ce sana'ata: jakunkuna, alabe, takalma. Ina gane jan karan dafi daga nesa, ina bambanta shi da na kanti ko da a inuwa ne.

Ina kuma da kyamara, don aiki na saye ta. Masu sayen kayana na nesa sun fara cewa a tura musu hoto kafin su aiko. Hotunan farko sun fito dishi-dishi, jan ya yi sanyi, sai na koma wurin wanda ya sayar mini na ce ya gyara. Ya daddanna, ya ce ya ƙara mata ƙarfin launi. Daga ranar jakunkunana suka riƙa fitowa jajur, har sun fi na gaske. Na ji daɗi, na ce kada kowa ya sake taɓa saitin. A gidana idan na ajiye abu a wuri, a nan yake zama.

Matata ba ta son hoto. Ko a biki, da ta ga an ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta juya. Sau ɗaya tak ta yarda. Da hantsi ne, ran sunan jikarmu ta fari, na fito zan tafi kasuwa da kyamara a hannu, na same ta a tsakar gida ta yi kwalliya: jan mayafi, jan lalle, ga jan bangon ƙasa a bayanta. Na ce ta tsaya.

Ta ce, "Malam, ni ma jaka ce da za ka tura wa masu saye?"

Na ce, "Tsaya dai. Ɗaga kai."

Ta tsaya, na danna. Ta leƙo ta ga kanta, sai ta fashe da dariya har tana dafa bango.

"Innalillahi! Ka mayar da ni attaruhu! Goge shi, Malam, kafin ƙannenka su gani su samu abin tsokana."

Gaskiyarta. Mayafin ya zama curin ja guda, babu zare babu ninki, kuma jan ya malalo mata goshi da kumatu kamar an shafe ta da manja. Na san dalili. Amma na makara, kuma ban so a taɓa saitin ba saboda akwai takalma da zan ɗauka ran nan. Na ce zan sake mata wani idan an natsu.

Ba a yi wata huɗu ba ta kwanta. Mako biyu ta yi. Allah ya jiƙanta.

Bayan arba'in na zauna na bi komai daki-daki, kamar yadda na saba. Na duba akwatinta, na duba wayoyin 'ya'yanmu, na aika gidan 'yan uwanta. Abin da aka samu shi ne gefen kafaɗarta a wani hoton biki, da ɗan ƙaramin hoton katin shaida wanda ya koɗe. Fuskarta tana kallon mutum, tana shirin dariya, a wuri ɗaya take: cikin jan nan.

Na ɗauki katin kyamarar na kai wa wani mai hoto, dattijo kusan tsarana, da ke da shago a hanyar Kabuga. Ya buɗe hoton a kwamfuta, ya duba, sannan ya ce, "Alhaji, wa ya yi wannan aika-aikar?"

Na ce ni ne.

Ya ce mayafin ya tafi, jan ya cinye shi, babu abin da za a ciro. Fuska kuma zai gwada. Ya ce in dawo jibi.

Na dawo na tarar da wata farar mace fes a cikin hoton, kamar Balarabiya. Na ce, "Wace ce wannan?"

Ya ce, "Haka mata suke so, Alhaji. Duk wadda ta zo nan cewa take a ɗan haska ta."

Na ce, "Wannan ba ta zo ba. Ba kuma za ta zo ba. Mayar mini da ita yadda take."

Ya ba ni haƙuri, ya ja mini kujera kusa da shi, ya ce, "To faɗa mini, yaya take?"

Na ce wankan tarwaɗa ce. Ya ce wankan tarwaɗa kala-kala ne. Ya riƙa jan wani ɗan layi a hankali, fuskar tana duhu, tana haske, ya ce in tsayar da shi inda ya yi daidai. Na ce nan. Ya wuce kaɗan, na ce a'a, nan. Ya koma baya, na sake cewa nan. Sau uku, wuri uku.

Washegari na zo da babbar 'yarmu. Kafin mu fito na yi abin da har yau nake jin kunyarsa: na yanko ƙyallayen jemammiyar fata guda bakwai, daga mai haske zuwa mai duhu, na jera su a kwali. Da haka nake daidaita launi ga mai saye, ban san wata hanya ba. Na shimfiɗa su a teburin mai hoto. 'Yata ta nuna fata ta biyar. Ni na nuna ta uku.

Ta ce, "Haba Baba, Umma ta fi haka duhu. Wannan ai hasken ciwo ne kake tunawa."

Na sake duban fatun biyu. Shekara talatin da ɗoriya matar nan tana ajiye mini abinci a gabana, ina duban kwano. Ina iya faɗa maka wace fata aka jeme da bagaruwa mai kyau, amma an tambaye ni launin goshin matata na kasa. 'Yata ta juya baya tana kuka. Na tattara ƙyallayena na zuba a aljihu.

Mai hoton ya ce a hankali, "Akwai hanya ɗaya. A cire launin gaba ɗaya, a bar baƙi da fari. Ba zai yi mata ƙarya ba."

Ya danna. Jan ya ɗauke. Ga idonta, ga ɗan tabon da ke haɓarta, ga bakin da ya fara lanƙwasa. Ita ce. Na ce a wanke guda biyar, ɗaya nawa, huɗu na 'ya'ya.

Jikar tamu yanzu ta fara wayo. Kwanaki ta tsaya gaban hoton ta tambaye ni ko kakarta fara ce ko baƙa. Na ce ta je ta tambayi uwarta.