Baban Tsatsa da Bututun Bayan Kasuwa

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin, wanda abokan aikinsa suka fi sani da Baban Tsatsa, a shekarar 1951, a wani gari na bakin layin dogo. Mahaifinsa mai walda ne, mahaifiyarsa kuwa tela. Bayan firamare da sakandare a garinsu, ya kammala digiri a fannin lantarki a 1975.

Aiki da Iyali

A 1976 wani kamfanin mai ya ɗauke shi, aka damƙa masa alhakin kare bututun da ke binne a ƙasa daga tsatsa. Hanyar ita ce a riƙa sakar wa ƙarfen 'yar wutar lantarki ba yankewa, a kuma bi turakun gwaji da aka kafa a kan hanyar bututun da mita ana auna wutar. Ƙa'ida ta tanadi cewa muddin awon wutar ya kai milibolt 850 ƙasa da sifili a mita, bututu yana cikin aminci. Ya auri wata malamar makaranta a 1979, Allah ya azurta su da 'ya'ya uku.

Ibtila'in 1993

A wannan shekara bututun da ya ratsa bayan wata kasuwa ya fashe, gobara ta halaka mutum goma sha bakwai. Bincike ya tabbatar cewa kwaltar da aka shafe ƙarfen da ita ta ɗaga, ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta inda wutar ba ta isa, alhali mita tana nuna komai daidai. Kwamiti ya wanke shi, domin bai saɓa ƙa'ida ba. Da matarsa ta ce, "Baban yara, ai an wanke ka," sai ya amsa, "Lambar mita aka wanke. Ni na taka wurin da ƙafata na ce lafiya lau."

Ƙarshen Rayuwa

Daga nan ya ƙi karɓar ƙarin girma, ya shafe sauran shekarunsa yana neman a riƙa tono bututu a gani da ido, kada a dogara da awo kaɗai. Bai samu amincewar kamfanin ba har ya yi ritaya a 2011. Ɓarin jikinsa ya shanye a 2014.

Allah ya yi masa rasuwa a 2019, aka binne shi bisa wasiyyarsa a maƙabartar da ke kusa da kasuwar. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: na farko direba ne, mai bi masa ungozoma, na uku yana sayar da kayan gini, sai autar, marainiyar da iyayenta suka rasu a gobarar, da ya ɗauko tana 'yar wata bakwai, wadda ta yi jinyarsa har ƙarshe.