Firizar Kifi da Ƙirjin Surukata

Mun tashi da asuba daga Mahuta mu huɗu: ni, ɗana mai kamun kifi, matarsa mai cikin wata bakwai, da direban a-kori-kura. Firizar da yake saka kifi idan kwale-kwalensa ya fito ita muka ɗauko, injinta ya mutu. Surukata kuwa awo za ta a Funtua, ga ta da ciwon asma.

Hanya duk ramuka, an shanya masara har bakin kwalta. Kowane rami sai firiza ta buga. A tasha muka sayi ƙosai ƙanana kamar ƙwan zabo, na ce wa mai suya ta ji tsoron Allah.

Shagon mai gyaran firiza a Funtua a wani lungu yake, ba taga. Ya ba surukata benci a ciki saboda rana. Ina kallo ya kunna wutar walda zai yanke bututun gas ɗin firizar.

Na ce, “Malam, tsohon gas ɗin fa?”

“Hajiya, iska ce, fita za ta yi.”

“Ta fita ta shiga ina? Ƙirjin wa?”

Ban yi boko ba, amma na ga maƙwabcinmu ya shaƙi irin wannan hayaƙin, ya yi mako yana tari. Kafin in rufe baki bututu ya fara huci, surukata ta dafe ƙirji. Na jawo ta waje, na ce a kashe wutar. Ɗana yana ta “Inna, ki yi haƙuri,” wai ina ba shi kunya. Na ce kunya ba ta kai mutum asibiti.

Muka sake loda firiza zuwa wurin wani dattijo mai aiki a fili. Ya zuƙe sauran gas ɗin cikin tukunyar ƙarfe, ya ɗaure bakinta, sannan ya sa sabon inji. A asibiti suka ce numfashinta da sauƙi, amma a sa ido.

Mun iso gida da la'asar. Abin da na koya: kafin ka tambayi mai gyara kuɗinsa, tambaye shi inda zai kai abin da ya cire.

Washegari bayan sallah, ɗana yana kirana in zo in ga ƙanƙara a firiza. Ban je ba. Na tsaya a ƙofar ɗakin surukata, na kasa kunne, sai da na ƙirga numfashinta ashirin ba ƙarar asma, sannan na je na hura wuta.