Kan Ubana da Albasa

Hoton ubana guda ɗaya ne a duniya, kuma ba ma a gidan mai hoto aka ɗauke shi ba. Wasu ma'aikatan hukumar gona ne suka zo fadamar Tama tun ina goye, suka ɗauke shi yana jan guga a bakin rijiyar garkarshi ta albasa, suka buga a kalanda. Da ya rasu, inna ta naɗe shafin nan cikin zane ta sa a ƙasan adaka. Ranar salla kawai take fiddo shi, mu gani da hannu wankakke.

Sai ga ɗan baffana ya zo daga Yamai, wanda aka kai lakkol karatun boko ya dawo da gashi buzu-buzu da sana'ar da ba ta da suna. Wai tsofaffin hotunan jarida da kalanda yake yankawa da almakashi, ya liƙa su wuri guda, mutane su taru su kalla. Aikin wofi! Ya bi gidaje yana roƙon tsofaffin takardu.

Inna da ta ji "yanka da liƙawa", sai ta ɗauka irin na mai hoton kasuwar Madawa ne, wanda kan yanko mamacin da bai samu zuwa hajji ba ya ɗora shi gaban Ka'aba, ya sa gilashi. Ta miƙa mishi shafin da hannu biyu, ta ce, "Ɗana, ka kai mini shi Makka." Ya ce, "To, inna," idonshi na kan takardar. Wallahi bai ji ta ba.

Bayan wata huɗu ya turo mini hoton aikin ta wayar salula, yana jiran yabo. Ga rigar ubana, ga hannunshi kan igiyar guga, ga ƙafafunshi cikin taɓo. A wuyanshi kuwa, inda kai ya kamata ya zauna, ƙatuwar albasa ce ja, yankakka daga takardar iri. Gefe ga wata mace mai tallar sabulu tana washe mishi haƙora. Ban nuna wa inna ba, na shiga motar Yamai.

Na same shi a ɗakin aikinshi, ƙasa duk guntayen takarda. Ban yi sallama ba.

"Ina kan ubana?"

"Yaya, zauna ki ji. Aikin ga na dukan manoman Adar ne, waɗanda ba wanda ya san huskarsu…"

"Mu mun san huskarshi, marar kunya! Shi ya biya maka kayan lakkol da kuɗin albasar da ka ɗora mishi. Mi ya yi maka?"

Nan ya daina turancinshi. Muka zazzage kwalaye uku a tsakar ɗaki, ina tonawa kamar kaza a juji. Kawunan sojoji, kawunan ƴan ƙwallo, kawunan matan Turawa, babu na ubana. Ashe duk ranar Asabar ake share ɗakin a ƙone guntayen.

Ya durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe, kuma ko kaɗan bai ba ni tausayi ba. Har yau bai ba ni ba. Ya jawo farar takarda da alƙalami, ya ce ya iya zane, in faɗa mishi kamannin baba, zai mayar da fuskar daidai.

Na ce, "Zana, ɗan banza."

Na ce baƙi ne, dogo. Ya ce wannan yana jikin hoton, fuskar yake so. Idanun fa? Hancin fa? Tabon da ke goshinshi, dama ne ko hagu?

Na buɗe baki. Shekara ashirin ina kallon takardar nan duk salla, na bar mata riƙon abin da ya kamata in riƙe da kaina. Ya tsaya da alƙalami a sama yana jirana, ni kuwa ban san ko dama ne ko hagu ba.